Murar Malam

Kalmar ita ce velum. Latin ce, harshen da masu shi suka mutu suka bar wa 'yan makaranta wahalarsa. Ma'anarta ta farko ita ce babban ƙyallen nan da ake ɗaura wa jirgin ruwa a jikin doguwar sanda, iska ta cika shi ta tura jirgin. Daga nan ta yaɗu kan duk zanen da aka rataya, labule ne, rumfar ƙyalle ce, ko mayafi. Can daga baya likitocin Turai suka leƙa cikin bakin ɗan Adam, suka ga inda rufin baki ya ƙare akwai wata tsoka mai taushi da ke rataye kamar labulen ƙofa tsakanin baki da hanci, suka ce ita ma velum ce. Masana Hausa na yanzu hanɗa suke ce mata. Ni na san wannan duka tun ina ɗan shekara ashirin da biyu, a ƙasar Kurfi, inda ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari girma ba. Na tsufa yanzu, na yafe wa mutane da dama, amma wannan kalma da abin da na yi da ita ban yafe ba.

Sai na fara da mutumin da ya koya mini karatun boko, a wata makarantar elementare ta ƙasarmu, shekaru kafin a samu mulkin kai. Malam kawai muke ce masa, kuma in an ce Malam a garin ba a tambayar wane. Mutumin Wurma ne, dogo, siriri, mai tsabta har ta ba mutum haushi. Shi ke riƙe da aji ɗaya. Duk wanda ya iya rubuta sunansa a unguwarmu, daga hannunsa ya fito.

Malam yana da lalura a murya. Ranar da aka zo cire masa belu yana jariri, hannun wanzami ya zarce, ya haɗa da wani sashe na labulen da na ambata. Ya rayu, amma ƙofar ba ta ƙara rufuwa sosai ba. In ya yi magana rabin iskar ta hanci take bi, kuma baƙaƙe uku sun fi ƙarfinsa: ka, ga, da ƙa. In ya nufe su sai su narke, su fito kamar gunjin sauro a cikin tulu.

Wanda bai zauna ya yi tunani ba ba zai gane girman wannan rashi ba. A Hausa ba ka da hanyar fuskantar mutum da magana sai da ka. Kai, ke, ku, ka zo, ki tafi, naka, naki. Mutumin da aka raba da wannan baƙi ɗaya an raba shi da ikon nuna kowa da baki. To, Malam ya samo hanyarsa. Bai taɓa ce wa yaro ka zauna ba, sai dai “A zauna.” “A zo da allo.” “A duba nan, ɗana.” “A daina surutu a baya.” Mu muka tashi muna zaton haka manyan mutane suke magana, har wasunmu suka kwaikwaya. Wani ɗan ajinmu da ya zama alƙali, har ya bar aiki bai taɓa ce wa mai laifi kai ba, kuma ana yaba masa ladabi.

Lissafi kuwa, uku da bakwai da takwas da goma duk sun haramta a bakinsa. Sai ya rubuta su a babban allo, ya ɗora sanda a kai, ya kalle mu. Mu mu ɗaga murya mu faɗa. Abin da ba ya iya faɗa shi ya fi tilasta mana faɗa, shi ya sa ban taɓa ganin ɗalibinsa ya yi tuntuɓe a sau bakwai ba.

Kowa a garin ya san labarin belun nan, kuma ba mai faɗa. Abin da ake faɗa shi ne mura. In baƙo ya zo ya ji muryar Malam ya ɗaga gira, na kusa da shi zai yi maza ya ce, “Ai Malam yana fama da mura.” Mai unguwa ya faɗa, mahauci ya faɗa, mata a bakin rijiya sun faɗa, mu yara ma ba wanda ya koya mana, mun tsince shi ne kamar yadda ake tsintar gaisuwa. Musamman in mai duba makarantu zai zo daga lardi. Ranar Malam zai naɗa wani tsohon ƙyalle a wuya, ya riƙe hankici, ya ɗan yi tari a bakin ƙofa. Mai duba ya ga yara suna karatu kamar ruwa, ya yi wa Malam fatan samun sauƙi, ya hau dokinsa ko motarsa. Da yake ba a cika turo mutum ɗaya sau biyu ba, murar ta shekara ashirin ba wanda ya lura ba ta warkewa. Ƙarya ce? Ƙarya ce mana. Amma gari guda ya riƙe ta hannu bibbiyu saboda ya san ranar da hukuma ta ji gaskiya, ranar za a raba Malam da ajinsa. Wannan muke kira rufin asiri, kuma kowace safiya muna roƙon Allah ya yi mana shi.

Na tafi kwalejin horon malamai, na dawo bayan mulkin kai da kaɗan, aka ba ni aji huɗu a makarantar da na fito. Na zama abokin aikin Malam, ko da yake ban taɓa yarda na zauna kan kujera yana tsaye ba. Ina da burin jami'a, don haka na shiga karatu ta gidan waya, ana aiko mini darussa a ambulan, ciki har da Latin. Na mallaki wani ɗan ƙamus mai jan bango, kuma daga ranar da ya iso na zama abin gudu. Ba ka isa ka ce mini sannu ba ban gaya maka yadda Rumawa, masu harshen Latin, suke cewa ba.

A cikin ƙamus ɗin na gamu da velum. Na karanta ma'anar farko, ƙyallen jirgi, na wuce. Labule, na wuce. Da na kai ga labulen maƙogwaro sai na miƙe tsaye. Velum. Belu. Mu ba mu da wancan baƙi na farko, baƙin ba muke sawa a madadinsa. Baƙin ma na ƙarshen kalmar kuwa ya faɗi a hanya, wataƙila a tsakiyar Sahara. Kafin la'asar na gama gina tarihi: Rumawa sun ba Larabawa, Larabawa sun ɗora wa raƙuma, ayari ya sauke a Katsina, wanzamai suka ɗauka. Ba ni da hujja ko ɗaya, amma ina da shekara ashirin da biyu.

Wanda na fara kai wa wannan ganima shi ne wanzamin da ke mini aski a kasuwa, wani dattijo mai bakin tsiya.

“Baba, ka san kalmar belu daga Rum ta zo?”

“Malam ƙarami, riƙe kanka wuri ɗaya kada in ba ka tsagar da ba ta gidanku ba. Daga ina?”

“Daga Rum. Tsofaffin Turawa.”

“Su ma suna cire ma ɗiyansu?”

“Ban ga an rubuta ba.”

“To mi suka sani a kai? Ubana ya cire belu, kakana ya cire, ban ji wanda ya ce aro ya yi ba.”

“Ba askar nake nufi ba, Baba, kalmar.”

“Kai dai karatun nan zai kai ka inda ba a aike ka ba. Ɗaga haɓa.”

Na ɗaga haɓa, ina tausaya masa jahilci.

A tsakiyar bazarar shekarar aka turo sabon mai duba makarantu. Ɗan lardinmu ne, bai fi ni da shekara goma ba. An tura shi kwas Ingila na wata tara, ya dawo da laima, da sandar da ba ya bukata, da Latin da ba ta cika cokali ba. Da jar tawada yake rubutu, don haka kafin azahar yara sun raɗa masa Mai Jar Tawada. Hedimastanmu ya tarbe shi a bakin ƙofa, ya gabatar da mu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Malam, ga ƙyalle a wuya, ga zufa tana tsiyaya, hedimasta ya ce, “Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri, yana fama da mura.” Mai duba ya ja da baya taku ɗaya, ya ce Allah ya sawwaƙe. Ya shiga aji ɗaya, ya tambayi yara, suka amsa, ya fito bai sami abin cewa ba. An wuce wurin. Ina so a riƙe wannan: an riga an wuce wurin.

Sai ya shigo ajina. Darasin Turanci ne, kuma a littafin akwai hoton jirgin ruwa mai manyan ƙyallaye. Na tambayi yara me suka gani. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce wani ne ya shanya wanki a kan kwalekwale. Na sa aka kawo kwano da ruwa, na ɗora ɓawon gyaɗa, na soka masa tsinke da guntun takarda, na hura. Ɓawon ya ratsa kwano, yara suka yi sowa. Mai duba ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Da na tsaya nan, da yau labarin da nake bayarwa na wani abu ne dabam.

Da rana aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tsamiya, aka kawo abinci. Malam ya koma gefe da nasa kwanon, wai kada ya shafa wa baƙo. Gaskiyar ita ce ba ya son a ga yadda yake shan ruwa, don in bai yi hankali ba ta hanci yake dawowa. Mai duba ya wanke hannu, ya dube ni da irin kallon da babba ke wa yaron da ya yi ƙoƙari.

“Malam, darasinka ya yi. Amma ko ka san yadda Rumawa suke kiran wannan ƙyalle na jirgi?”

Ba amsa yake nema ba, kowa ya gani. So yake in ce ban sani ba, ya faɗa, mu yi mamaki, a ci abinci. Hedimasta har ya shirya fuskar mamakin.

Na ce, “Velum, ranka ya daɗe. In suna da yawa, vela.”

Ya ɗan dakata da loma a hannu. “Haka ne. Kuma daga nan Turanci ya samo veil, mayafi.”

“Da reveal, ranka ya daɗe. Velare shi ne a rufe, revelare a janye labulen.”

“Na sani.”

“Har rumfar ƙyallen da suke ja a kan filin wasanninsu, daga nan sunanta ya fito.”

“Na ce na sani.”

Bai sani ba. Cokalinsa ya ƙare, ni kuwa tuluna ko rabi bai yi ba, kuma daɗin abin ya hau mini kai kamar zazzaɓi. Na fito da ganimata.

“Mu ma Hausa mun ara. Labulen maƙogwaro ma velum ne, shi ne muka mayar belu.”

Nan ya sami abin da yake jira. Ya ajiye loma ya yi dariya har da buga cinya. “Belu! Wanzaman Kurfi sun yi karatu a Rum ke nan? Hedimasta, ina ka samo wannan? Malam, ka tsaya a ɓawon gyaɗarka.”

Sauran malamai suka taya shi, don ba a barin babba ya yi dariya shi kaɗai. Na rasa hujja a ƙamus, na waiwaya neman ta a duniya, idona ya sauka kan dattijon da ke zaune gefe da ƙyalle a wuya.

Na ce, “Ga shaida nan zaune. Malam ba mura yake yi ba. Wanzami ne ya zo cire belu ya haɗa da velum ɗin, shi ya sa ka da ga da ƙa ba sa fita. Wuri ɗaya ne, suna ɗaya ne.”

Ban san tsamiya tana da ƙara ba sai ranar, da na ji ganyenta. Hannun hedimasta ya tsaya a cikin kwano. Wani malami ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Malam bai ɗago ba. Ya ci gaba da tauna lomar da ke bakinsa a hankali, ya haɗiye.

Abin da na yi na yi, kuma ba na neman a rage mini. Amma abin da Mai Jar Tawada ya yi bayan nan shi ma nasa ne, kuma shekaru ba su sa na ga dalilinsa ba. Mutum mai tarbiyya da ya yi kamar bai ji ba. Ya riga ya ga ajin, ya ga yara suna karatu. Shi kuwa ya goge hannu, ya yafito Malam da yatsa, dattijon da ya isa haifarsa.

“Zo nan, Malam. Ce mini: kaka ta kai ƙoƙo kogi.”

Malam ya zo ya tsaya. Ya kwance ƙyallen wuyansa, ya ninke shi huɗu, ya sa a aljihu. Sannan ya faɗa. Shekara goma sha biyar na san shi, ban taɓa jin ya nufi waɗannan baƙaƙe da gangan ba. Suka fito ta hanci, a narke, ba kai ba gindi. Yara sun taru a tagogin aji suna leƙe, kuma ina shaida ko ɗaya bai yi dariya ba.

“Sake.”

Ya sake.

“Buɗe bakinka.”

Ya buɗe. Mai duba ya ɗauki fensir ya danne masa harshe, ya leƙa, kamar mai sayen akuya a kasuwar Dutsin-Ma. Ya ce, “Lallai.” Ya goge fensirin a tabarma, ya zaro alƙalaminsa.

Malam ya ce, “Yallaɓai, in tafi wurin yarana?”

Ko a wannan hali bai yi kuskuren baƙi ɗaya ba. Ya juya ya tafi, muka ji muryarsa daga aji ɗaya: “A zauna. A zo da allo.”

Da baƙo ya tafi hedimasta ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. “Wa ya aike ka?” Na ce ba kowa. “An tambaye ka?” Na ce a'a. “Shekara ashirin! Mahaukaciyar bakin kasuwa ma ta san mura ake cewa. Kai da ka yi kwaleji!” Ya buɗe ƙofa ya nuna mini waje. Kafin magariba labari ya gama gari. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. In na ce ina wuni, a ce lafiya, a tsaya nan, ba gajiya, ba gida, ba aiki.

Washegari bayan sallar asuba na buɗe ƙamus ɗin, in ga ko aƙalla ina da gaskiya. Na nemi sunan ɗan naman da ke reto, wanda wanzami ke yankewa. Ba velum ba ne. Uvula ne sunansa, wato ɗan ƙaramin inabi, don Rumawa sun ga ya yi kama da ƙwayar inabi a reshe. Labulen dabam, abin da ke reto a jikinsa dabam. Belu kuwa tamu ce, ba ta hau raƙumin kowa ba, kamannin sauti ne kawai ya ruɗe ni, irin wanda ke tsakanin baƙi da baki. Wanzami ya fi ni gaskiya, Mai Jar Tawada ma, abin da ya fi ci mini rai, ya fi ni gaskiya. Na tsiraita malamina a gaban yara don kare abin da ko ɓawon gyaɗa bai kai ba.

Na san mai duba ya sauka a Dutsin-Ma, can zai rubuta rahotanninsa kafin ya koma lardi. Ranar Asabar na hau keke, na bi ta Birchi, rana tana dukan ƙeyata, ina tsara maganar da zan yi. Na same shi a barandar masauki da takardu a gabansa. Ya karɓe ni da fara'a, har ya sa aka ba ni ruwa.

“Ɗan Rum! Zauna. Na yaba maka a rahoto, ka sani? Na ce kana da ido. Ga na dattijon naku ma, duba, kai ka ba ni kalmar.”

Na karɓa. Shafi ɗaya ne da jar tawada. Bai ambaci karatun yara ba ko da layi ɗaya. Ya ce malamin aji ɗaya yana da naƙasa a wani sashe na baki, bai dace da koyar da masu fara karatu ba. Sai idona ya tsaya kan kalmar. Ya rubuta ta da baƙin la guda biyu: vellum.

Wannan wata kalma ce dabam, ba dangin iya ba na baba. Fatar maraƙi ce da aka jeme, wadda Turawan da suke rubutu a kai, kuma daga sunan maraƙi ta samo asali, ba daga ƙyallen jirgi ba. Na ce a raina Allah ya kama mini shi. Mutumin da duk jarinsa shi ne a ce ya san Latin, in ya ga zai sha kunya a lardi, yaga takardar zai yi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a nan ka rubuta cewa fatar maraƙin Malam ta lalace. Malam ko akuya ba shi da ita. In wannan ta isa gaban Turawan ofis, da kai za a yi hira har shekara ta zagayo.”

Ya karɓi takardar. Ya duba. Sannan ya tsoma alƙalami, ya soke la ɗaya, ya hura tawadar ta bushe.

“Na gode, Malam. Ka rufa mini asiri.”

Haka ya ce, wallahi. Na yi tafiyar rabin yini a kan keke don in gyara masa rubutu. Sau biyu ke nan ina buɗe baki da ilimi, na farko na ba shi wuƙa, na biyu na wasa masa ita.

Daga nan na ajiye Latin na yi Hausa, abin da ya kamata in fara da shi. Na ce ya je ya tambayi duk wanda ya iya karatu a ƙasar Kurfi wa ya koya masa. Na ce ni da ke gabansa, da ya ce ina da ido, wa ya buɗe idon? Na ce yaran da ya gwada da kansa, wanne ne ya kasa furta ka? Na ce mutum ya shekara ashirin yana kewaye ramin da ke bakinsa bai taɓa jefa yaro ɗaya a ciki ba, kai ka zo da fensir rana ɗaya. Ban san na miƙe tsaye ba sai da na ga mai gadin masauki ya leƙo.

Ya ce, “Sauke murya, taka lafiyarta ƙalau, kowa ya ji. Malamin da ba ya iya furta baƙaƙe uku na harshensa ba zai riƙe aji ɗaya ba. Ni na zo na tarar da mai mura, na yi masa addu'a na wuce. Kai ka ce ba mura ba ce. So kake in rubuta ƙarya bayan an gaya mini gaskiya a gaban shaidu?”

Na ce, “E. Haka nake so.”

Ya yi murmushi ya sa takardar a ambulan.

Kafin ruwan farko amsa ta zo. An sauke Malam daga aji. Aka ce in yana so ya zauna ya riƙa kula da ɗakin ajiyar littattafai da buga ƙararrawa. Ya ce, “An yi mini alheri, amma a bar shi.” Ya tattara iyalinsa ya koma Wurma ya kama noma. Ajinsa aka ba wani saurayi mai murya kamar kakaki, wanda ka da ga da ƙa suke fita daga bakinsa tsaf. Ina jin su ta bango tun safe har tashi: “Kai! Ke! Jaki! Daƙiƙi!” Ba baƙin da ya ɓace. A ƙarshen shekara rabin ajin ba su iya rubuta sunansu ba, kuma mai duba na gaba ya yaba lafazinsa.

Sai da aka yi noman farko na sami ƙarfin zuwa Wurma. Na jingine keke a jikin danga, na yi sallama a zaure. Ga takalman Malam a bakin ƙofa, ga fartanyarsa da ɗanyar ƙasa a jiki. Matarsa ce ta amsa. Inna nake ce mata, don lokacin ina aji ɗaya ta sha ba ni fura a gidansu, ta sha cire mini ƙaya a ƙafa. Ta ɗaga asabarin ƙofar ciki kaɗan, iyakar yadda zan ga rabin fuskarta.

“Wa ake nema?”

“Inna, ni ne.”

“Na ji muryar. Murya mai kyau, tubarkalla. Daga ina?”

“Daga makaranta, Inna. Wurin Malam na zo. Ina da maganar da nake so in yi masa.”

“Wata maganar kuma? Ba ta ƙare ba?”

Na durƙusa. Na ce haƙuri na zo bayarwa, ko minti ɗaya ne a bar ni in gan shi. Daga can ciki na ji an ajiye buta a hankali. Yana ji.

Ta dube ni tun daga hula har ƙafa, irin duban da ake wa mutumin da ya sauka daga mota yana tambayar hanya. Sannan ta gyara murya, ta faɗa mini da ladabi, yadda ni ma na sha faɗa wa baƙi tun ina ɗan shekara bakwai.

“Yana nan, amma ba zai samu fitowa ba. Ai Malam yana fama da mura.”

Na daɗe a durƙushe. Amsa ɗaya ce ake bayarwa, na kuma san ta.

Na ce, “Allah ya sawwaƙe.”

Ta ce amin, ta saki asabarin.